Keken da ke rataye a zaurenmu

Ina ɗaurin dami a gonarmu ta bayan Gazawa, da hantsi, sai na hango jandarma, ɗan sandan gwamnati, bisa doki yana tambayar mata masu kala. Ɗaya ta nuna ni. Bai sauko ba. Ya ce, "Kai ne ƙanen mai keken buro?" Na ce ni ne. Ya ce motar gyaɗa ta buge shi a hanyar Agiye, kuma rai ya yi halinsa tun kafin a ɗaga shi. Na tuna sai da na gama ɗaure damin da ke hannuna sannan na bi shi. Har yau ban san dalili ba.

Kakar shekarar da muka samu mulkin kai ce. Yayana shi ke kai takardun buro, wato ofishin gwamnati, daga Agiye zuwa garuruwa. Da kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, zai koma ƙasarsu, ya bar masa kekensa na tsere, siriri, marar nauyi, hannunsa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Dole mai hawansa ya duƙa. Abokansa kan ce masa, "Malam, kullum ruku'u, yaushe za ka kai sujada?" Sai ya kaɗa musu ƙararrawa ya wuce.

Kwana biyu bayan jana'iza aka kawo keken bisa jaki. Ƙafar gaba ta naɗe. Sauran jikinsa ko ƙwarzane babu. Na rataye shi a azarar zaure.

Bayan sadakar arba'in liman ya zo rabon gado. Yayana bai haihu ba. Ya bar matarsa da innarmu da ni. Riguna da awaki da gero duk an raba su kafin azahar. Keke ne ya gagara. Liman ya ce ba a yanka keke uku, sai a sayar a ba kowa rabonsa, kuma akwai wani ɗan kasuwa da ke so a yadda yake. Na ce a ba ni lokaci in gyara, zai fi daraja. Abin da na faɗa ke nan. Gaskiyar ita ce ba na so ya fita gidan.

Mu mutanen bakin iyaka, duk abin da muka rasa, ƙetare muke nufa. Na bi masu jakai zuwa wata kasuwa ta ƙasar Katsina, na sayo gargare, wato zagayen ƙarfen ƙafar keke, da taya sababbi, na ɗauko su a kafaɗa. Ban auna komai ba. A ganina keke keke ne.

Mai gyara a kasuwar Gazawa, wani dattijo mai ido ɗaya, ya kara gargaren a jikin keken sau ɗaya ya ajiye.

"Ɗana, wa ya aike ka? Wanga na Ingilishi ne, kekenka kuwa Bafaranshe. Su da kansu ba su jituwa, balle ƙarfensu."

Ya ce ko a Maradi da wuya a samu irin ƙafarsa. In na yarda zai sa wuta ya buɗa ƙarfen gaba har gargaren ya shiga, ya miƙe hannun ya koma irin na kowa. Zai yi tafiya, amma ba zai ƙara zama keken da na sani ba. In kuwa na gaji, in bar masa ya kwance shi ya yi amfani da kayan. Na ce zan yi shawara. Na mai da shi azara, na jingine sabon gargaren a ƙarƙashinsa.

Matar yayana tana takaba, ba ta fita. Da can ni da ita kullum cikin tsokana muke, tana ce mini mijin wahala. Ranar da ta gama, mahaifinta ya zo daga Gangara zai tafi da ita. Ta tsaya a zaure, ba ta ɗaga kai ta dubi azara ba.

"Ƙanen miji," ta ce, "ba don abin da zan samu ba ne. So nake a ce an gama."

Na ce mata kasuwa mai zuwa, in Allah ya so.

Inna ma ta yi magana sau ɗaya. Ta ce mamaci ba ya samun sakewa in haƙƙin wani na maƙale a kayansa, kuma ni na riƙe mata ɗa. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu.

Damina biyu bayan tafiyar matar yayana aka aiko daga Gangara cewa ta rasu wajen haihuwa a gidan sabon mijinta. Na je gaisuwa. Na zauna kusa da mahaifinta tun azahar har la'asar, maganar rabonta tana bakina, ban faɗe ta ba.

Tayar baya ta bushe ta tsattsage. Zanzaro ya yi ɗaki a ƙarƙashin sirdi. Ban gyara keken ba, ban sayar ba, kuma har yau ban kai wa danginta rabonta ba.