Jirgin da Yaya Nasiru Ya Ƙi Hawa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Nasiru, Allah Ya jiƙansa. Direban bas ne a Tottenham, amma burinsa ya tsallaka tekun Atlantika a ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Ya yi kwas, sannan ya shiga neman mai jirgin da ke buƙatar ƙarin hannu.

Na farkon da ya amsa masa, tun daga hotonsa hankalina bai kwanta ba. Bature ne mai fara'ar da ta yi yawa. Bai tambaya ko Yaya ya iya iyo ba, bai nemi takardar kwas ba. Na nace sai na raka shi ganin jirgin. Daga waje fenti sabo fil, ciki kuwa warin danshi. Da Yaya ya tambayi dalilin da ya sa ma'aikatan jirgin biyu na baya suka bar aiki, sai mutumin ya koma hirar iska. Daga ƙarshe ya ce a bar masa fasfo ya adana.

A hanyar dawowa na ce, "Yaya, ko dai mutumin nan kayan laifi yake ɗauka, ko jirgin yana yoyo."

Ya ce, "Na gani, Bilki. Tun muna tsaye na yi cancel a raina."

Sai bayan wata takwas ya dace da wata dattijuwa mai jirgi, wadda ta tsare shi da tambayoyi, har da yadda zai yi salla idan teku ta fusata. Ita ma ban yarda da ita ba. Mako uku suka yi a ruwa, ya dawo a rame yana dariya. Daga baya ciwon zuciya ya ɗauke shi a gadon asibiti.

Yanzu 'yarsa Hafsat ta nuna mini a waya tallar wani mai jirgi da ke neman ƙarin hannu, ita ma tana son zuwa. A zamanin nan hoto kansa ya zama abin ƙirƙira, murya ma haka, na rasa ta ina Yaya zai soma tantancewa da yana raye. Na dai san bai taɓa raina zargina ba, kuma bai bari tsoro ya zaunar da shi ba.

Jiya na ciro rigar ruwansa daga akwati na miƙa mata.

Ta ce, "Gwaggo, kin yarda ke nan?"

Na ce, "Ban yarda ba tukuna. Gwada mu gani ko ta yi miki."