Gilashin da Na Liƙa wa Wayar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai," yake ce mini, ko "wanga yaro," har furfura ta fara fito mini a gemu. Alkunya ce, na sani, haka ya tarar iyayensa na yi. Amma sanin dalilin abu ba ya hana shi yi maka zafi. Ƙanena kuwa, autan gidan, sunansa a bakin Baba kamar goro yake, safe da yamma ana taunawa.

Auta ya bar garinmu Tsamaye tun yana saurayi, ya bi 'yan kasuwa zuwa Maraɗi, yana kai hatsi yana dawowa da dabino da atamfa, Allah kuma ya buɗa masa. Ni aka bar wa gona da shanun huɗa biyu da rumbuna, da Baba kansa bayan rasuwar Inna. Ni ke ɗora shi a babur in kai shi asibiti idan ƙafarsa ta kumbura. Ni ke yanke masa farce. Ba gori nake yi ba. To, in ma gorin ne, ai ban yi ƙarya ba.

Da hanya ta daina aminci, Auta ya rage zuwa gida, sai a shekara ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ne ya aiko wa Baba da waya ta hannun wani direba, babba, irin ta shafawa, don ya riƙa ganin fuskarsa da ta jikoki. Wayyo, ranar ba mu sha ruwa ba! Baba ya fita da ita ƙofar masallaci tun kafin a saka mata layi, yana miƙa wa kowa yana janyewa kafin a taɓa.

"Auta ya aiko mani da ita," yake cewa. "Ku duba, ko ƙuda ya sauka bisa sai ya zame."

Ni kuwa na san aljihun Baba fiye da kowa, tunda ni ke zazzage shi kafin a wanke riga. Akwai goro, akwai makullin rumbu, da asuwaki, da 'yar aska, da yashin da ba ya ƙarewa. Kwana biyu da zuwan wayar na ga wani siririn karce a gefen fuskarta. Na ce a raina, in aka bar ta haka, kafin wata ya fita fuskar Auta sai dai a yi ta lalube. Da ranar kasuwar Sabon Birni ta zo na karɓe ta da sunan za ni saka mata layi, na kai ta wurin wani mai gyara na ce ya liƙa mata gilashin kariya, wanda su suke kira sikirin gad. Na tsaya a kansa har ya goge ta tas, ya ɗora gilashin, ya bi shi da ɗan yatsa yana korar iska. Da ya gama, wallahi ko ni da aka yi a gabana sai da na karkata ta a rana kafin na ga bakinsa.

Na dawo da niyyar in faɗa wa Baba. Har na shirya yadda za ni faɗe ta, a hankali, kamar ba komai ba. Na same shi cikin dattawa, ya karɓa, ya goge ta da hannun riga, ya ɗaga ta sama.

"Kun gani? Kullum ƙara ƙyalli takai. Kayan Auta ke nan."

Sai na haɗiye maganata na wuce wurin shanu.

Daga nan aka kafa mini sabon aiki. Kullum bayan la'asar Auta zai yi kiran bidiyo, kuma a garinmu ba a samun sabis mai ɗaukar bidiyo sai an hau wani tudu bayan gida. Hannun Baba yana rawa, don haka ni ke riƙe wayar. In tsaya ƙiƙam, hannu a miƙe, rana na dukan ƙeyata, Baba na ƙyaƙyata dariya da ƙanena. Dariya fa ta gaske, har da tari da share hawaye. Shekarata arba'in da ɗoriya a gaban mutumin nan ban san yana da irin wannan dariyar ba. Auta zai ce, "Baba, ka ci abinci?" Sai Baba ya ce, "Allah shi yi maka albarka da ka tambaya." Ni da matata muka dafa abincin, muka kai masa har shimfiɗa, amma albarkar ta tafi Maraɗi. In an gama Auta ya ce, "A gai da Yaya," alhali ga Yayan nan hannunsa ya sage.

Kishi na yi, ba na ɓoyewa. Kishin ƙanena da na goya, da na koya wa hawan jaki. Har wayar kanta na tsana. Ni ke kai ta caji wurin mai sola, ni ke goge mata ƙura, ina yi ina jin kamar in wurga ta rijiya.

Rannan da kaka, muna tsakiyar kwasar damman gero zuwa rumbu, Baba ya sunkuya zai yi alwalar azahar. Wayar ta sulluɓo daga aljihun gaba ta faɗa da fuska kan dutsen da yake ɗora ƙafa. Ƙas! Na yar da damin da ke kaina na rugo na ɗauka. Tsagar ta tashi daga kusurwa ɗaya ta watsu ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Na bi ta da babban yatsa, na ga bakin gilashin ya ɗan ɗago, hasken da ke ƙasa kuma lafiya lau, babu baƙi babu zane. Nan take na gane. Gilashina ne ya tsage, wayar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Baba yana tsugune, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Inna lillahi. Ta hwashe?"

Kalma huɗu kawai ake buƙata: gilashin sama ne, Baba. Suna bakina. Na dubi yadda fuskarsa ta kwaɓe a kan kayan Auta, sai kishi ya taso mini. Na miƙa masa ita na ce, "Ai ga ta nan, ka gani."

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ban yi ƙarya ba. Ƙarya na yi, har da ƙari.

Baba ya juya ta ya sake juyawa. Sannan ya ce, "Kashe ta. Maza kashe ta, kada Auta shi kira shi ga yadda na yi da kyautatai." A tunaninsa, in fuskar waya ta tsage, wanda ke can ɗaya ɓangaren ma tsagar yake gani. Wannan ma na san ba haka ba ne, na kuma yi shiru na kashe ta. Ya naɗe ta cikin wani tsohon rawani ya tura ƙarƙashin akwatinsa.

Da la'asar ta yi, Auta ya kira 'yar ƙaramar wayata. Baba ya yi ta yarfa mini hannu yana raɗa, "Ce ina masallaci." Na ce yana masallaci. Washegari na ce babbar wayar caji ta ƙi yi. Rana ta uku na ce sabis ne. Auta ya ce, "Yaya, lafiya dai ko? Kada ku ɓoye mini wani abu." Na ce masa lafiya sumul, ya kwantar da hankalinsa. Ina faɗa ina jin daɗi, Allah ya yafe mini.

Don kuwa a kwanakin nan na samu abin da ban taɓa samu ba. Bayan la'asar Baba ba shi da wurin zuwa, sai ya jawo buzunsa ya zauna kusa da inda nake ɗaure shanu. Ya tambaye ni wane rumbu ya kamata a fara cikawa. Ni, aka tambaye ni! Wata rana har ya ba ni labarin shekarar da aka haife ni, yadda ruwa ya yi gyara har gero ya fi ƙarfin rumbu, ya ce Inna ta sha wuya a kaina. Bai dube ni ba da yake faɗa, ƙasa yake tonawa da sanda, amma ni na ji kamar an sa mini sabuwar riga. Na shiga gida ina 'yar waƙa.

Matata ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai kuma fara'ar me kake yi haka? Tsohon nan kwana huɗu ke nan kwanon tuwonsa na dawowa yadda na kai shi."

Na daka mata tsawa na ce ta kula da tukunyarta. Amma gaskiya ta faɗa, kuma ni ma ina gani. Ko muna cikin hira, da inuwa ta kai inda takan kai lokacin kira, sai maganar Baba ta yanke, ya juya yana kallon tudun nan. Sau biyu na leƙa ɗakinsa da hantsi na same shi ya kwance rawanin yana shafa tsagar da yatsa. Kowace safiya sai in ce yau za ni faɗa masa, in ɓare gilashin a gabansa a wuce wurin. Kowace yamma kuma sai in ce a bar ni in ƙara kwana ɗaya.

Kwana tara muka yi a haka. Ranar kasuwa na fito da safe na tarar Baba ya sa babbar riga da hula, ƙunshin rawanin na hannunsa.

"Tada babur," ya ce. "Za ni Sabon Birni a gyara wagga waya, ko da ragon can za a saida."

Na ce, "Baba, ƙafarka fa? Kawo in kai ni kaɗai."

"Daga aljihuna ta hwaɗi, da ƙahwata za ni."

Muna tafe, ya dafa kafaɗata kamar kullum, ina saƙe-saƙe. Da muka shiga gari na kauce wa layin mai gyaran da ya liƙa gilashin, kada ya shaida ni, na kai mu wurin wani daban a bakin tasha. Dubi wayon banza, sai ka ce gilashin zai canja hali don an canja rumfa.

Mai gyaran ya kwance rawanin, ya duba sau ɗaya, ya yi murmushi. Ya ɗauki reza ya zura a kusurwa ya ɗaga. Tsagaggen gilashin ya taso gaba ɗaya, ga fuskar waya a ƙasa fes, tana ɗaukar ido.

"Baba, wayarka ba abin da ya same ta," ya ce. "Gilashin kariya ne ya tsage, aikinsa ke nan. Wanda ya liƙa maka shi, ka yi masa addu'a, shi ya cece ta."

Baba ya karɓi ɓallen gilashin yana jujjuyawa, bakinsa a buɗe. Sai ya ɗaga hannu sama a tsakiyar mutane.

"Auta! Allah shi yi maka albarka, Allah shi ba ka masu yi maka!" Ya juyo gare ni idonsa cike da hawaye. "Ka gani? Tun daga can ya san halina. Komi sai ya yi tunaninai."

Kai, duniya! Addu'ata ce fa, tawa ta kaina, ana kwashe ta a gabana ana aikawa Maraɗi. In na buɗe baki na ce ni ne, to na tona kaina cewa tun ranar farko na sani. In na yi shiru, Auta ya cinye. Na zaɓi shirun.

"Kunna ta," in ji Baba. "Kira shi yanzu."

A cikin gari sabis ba ya wahala. Bugu ɗaya Auta ya ɗauka, fuskarsa ta cika wayar, ni kuma ina riƙe da ita.

"Baba! Kwana tara! Wallahi har na fara neman mota, na ce ko ciwo kake aka ɓoye mini."

Baba ya kwashe labari ya ba shi, yana dariya yana share ido, ya ƙare da godiyar gilashin da ya liƙa.

Auta ya ce, "Wane gilashi, Baba? Ni a kwalinta na aiko ta, ko buɗewa ban yi ba. Sai dai in Yaya ne ya sa."

Dariyar ta tsaya. Baba ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da ba ya yi.

"Kai ka sa?"

"Ni ne, Baba."

"Ran da ta hwaɗi, ka san gilashi ne?"

"Na sani."

Auta yana ta "Baba? Kuna jina?" Baba ya ce masa, "Za ni kira ka anjima," ya karɓi wayar ya sa aljihu. Mai gyaran ya tambaya ko a liƙa sabo, Baba ya sake ciro wayar ya miƙa masa, muka tsaya muna kallon yatsan mutumin yana korar iska.

Sai da muka fita gari, muka kai inda hanya ta rabu, ya taɓa ni ya ce in tsaya. Na kashe babur. Ba kowa a wurin sai karan dawa da aka girbe. Bai sauka ba, daga bayana ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki.

"Mi na yi maka?"

Ina da amsar shekara arba'in a cikina, na sha tsara ta a gona ni kaɗai. Na dubi kan babur na ce, "Ba komai, Baba."

"To," ya ce.

Na tada babur. Har muka isa Tsamaye ƙarfen baya ya riƙe, bai dafa kafaɗata ba.