Layar da ke Bayan Hubara

Aikina na farko a Dubai kallon ɗigo ne a kwamfuta. Wani ƙaramin ofis ne a Al Khabaisi, muna bin sawun hubara, tsuntsuwar daji mai kama da tujinmu na gida, wadda farauta ta kusa ƙarar da irinta. A ɗaura mata 'yar na'ura a baya, watan Maris ya kama ta tashi arewa wajen yin ƙwai, ni kuwa in zauna ina rubuta inda ta sauka. Abokaina a Kano dariya suke yi, wai na yi digiri na ƙare a kiwon tsuntsu.

Akwai guda da na fi ƙauna, shekara biyu tana zuwa tana dawowa. Wata safiya bayan iska mai ƙarfi, na duba sai na ga ɗigonta ya bar daji ya shigo tsakiyar gari, unguwar Al Ras. Hubara ba ta shiga gari da ƙafarta, sai dai a tukunya. Shugabarmu ta miƙo mini eriyar hannu mai gano na'urar ta ce yalla, maza je ka, tunda unguwarku ce.

Ƙarar eriyar ta kai ni wani masauki a bayan shagunan kayan yaji, hawa na uku. Na yi sallama da Larabci, aka amsa mini da Hausa. Wani dattijo ne ɗan Damagaram, direban kamiyo, wato babbar mota, mai kai kaya sito a bayan gari. A kan tabarmarsa ga na'urar nan an yanke igiyoyinta, an ɓare murfin da wuƙa. Ko gaisuwa ban gama ba na tambaye shi ina naman.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce a jikin wayar shinge a bayan gari ya tsince ta ta maƙale, da ya ga laya a bayanta ya san kurciya aka yi wa wani bawan Allah, irin asirin da ake ɗaura wa tsuntsu don mutum ya bar gida ya yi ta yawo. Shi ne ya kwance, ya ba ta ruwa, ya sake ta. Murfin kuwa ya buɗe ne yana neman sunan mai shi.

Na yi masa bayanin tauraron ɗan adam har bakina ya bushe. Raina a ɓace yake, na ce Baba, aikin shekara biyu ka yanke, yanzu ko harbe ta aka yi ba mai sani. Ya yi ta juya abin a tafin hannunsa.

"Ɗana, ke nan ba wanda ya koma gida?"

Na ce babu.

"Shekarata goma sha huɗu rabona da Damagaram," in ji shi. "Kullum sai in ce baɗi. Na ɗauka ko ni ma wani zai kwance tawa."

Ya miƙo mini na'urar da hannu biyu, na karɓa na sauko. Duk wannan bazarar ina buɗe taswira da safe, ban sake sanin inda tsuntsuwar ta kwana ba.