Ranar da Malama Lasifika Ta Zauna a Kan Hannunta

Ɗalibai ne suka sa mata Lasifika, kuma ba su yi mata ƙazafi ba. Shekara goma sha tara tana koyar da kimiyya, in tana aji ɗaya sai 'yan aji uku su kwashi darasin kyauta ta bango. Maigidanta yakan ce tun da ya aure ta bai ƙara sayen batirin rediyo ba. Ba ta iya zama ba, ba ta iya jira ba. Yaro zai fara amsa tambaya, kafin ya kai tsakiya ta ƙarasa masa.

Sai muryar ta fara dishewa. Ta ce mura ce, ta sha ruwan ɗumi har ta gaji. Likita ya leƙa maƙogwaron ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ta ƙara zango ɗaya tana ɗaga murya a gaban yara saba'in, ragowar ma za ta tafi. Tsoro ya kama ta sosai, don koyarwa kaɗai ta iya, kuma da baki ta iya ta.

Ƙanwarta ce ta turo mata tallar aikin. Wani kamfani na neman mai tsara darussan horar da ma'aikata, irin darasin da mutum zai bi da kansa ba malami a kansa. Ƙanwar ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Malama ta ce wane zama, ita da ba ta san shi ba?

Ranar ganawa, ta isa wurin awa guda kafin lokaci. Ta sauya kujera sau uku a ɗakin jira, ta karanta sanarwar gobara har ta haddace, ta miƙe ta gyara wata kalanda da ta karkace. Da aka kira ta, ta tarar da shugabar sashen horarwa, mace mai ƙaramin tabarau, da wani ma'aikaci mai ɗaukar bayani. Takardun shaidar da ta jera a fayil ko kallonsu ba a yi ba. Shugabar ta nuna mata firinta, injin buga takardu, a lungu, ta nuna mata sau ɗaya yadda ake sauya kwalin tawada, ta ba ta minti ashirin ta rubuta darasin a shafi ɗaya. Bayan nan za a kira direban kamfanin, wanda bai taɓa taɓa injin ba, ya bi takardar.

"Ke kuma ba magana, ba nuni, ba gyaran murya," in ji shugabar.

Direban dattijo ne, mai karatu da yatsa, leɓensa na motsi. Malama ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Mataki na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. A na huɗu ta rubuta a zare ledar kariya, amma ta manta ta faɗi inda take. Dattijon ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya girgiza shi kusa da kunne. Kalma ɗaya ce tak za ta fishshe shi, kuma ga ta nan a bakinta tana ƙaiƙayi.

Sai ya ɗago ya dube ta, irin kallon da yara suka yi mata shekara goma sha tara. Ta sunkuyar da kai, zuciyarta na zafi kamar ta bar yaro a tsakiyar titi.

Da ya ga ba ci, ya koma kan takardar. A gefen shafin akwai ɗan zane da kibiya, wanda ta yi lokacin da ta gama rubutu hannunta ya ƙi kwanciya. Ya dubi zanen, ya dubi kwalin, ya lalubo bakin ledar a ƙasa ya ja. Firinta ta yi ƙugi ta tofo takarda fes.

Shugabar ta tambaye ta me za ta gyara.

"Zanen ya kamata ya zo kafin rubutun," ta ce da 'yar muryar da ta rage. "Laifina ne, ba nasa ba."

Shugabar ta rubuta wani abu, ta ce ta fara ranar Litinin.

Ta yi murna, ba ƙarya. Amma a bakin ƙofa ta ji dattijon yana gaya wa mai gadi, yana karkaɗa takardar da ya buga: ashe abin ba wuya, da kansa ya yi, ba wanda ya nuna masa. Ya wuce ta ko waiwaye bai yi ba.

Ta tsaya a matattakala da fayil a ƙirji, a karon farko ranar ba ta sauri. Ta lalubi shekarunta goma sha tara kaf, ba ta tuna yaro ko ɗaya da ya fita ajinta yana cewa da kansa ya yi ba.