Saƙon da Ban Kai Ba

Ni ɗan Tawa ne, kuma kafin in lalace ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Da na zo jami'a a Yamai, ɗaki ya gagare ni a gidan kwanan ɗalibai. Yaya Ilyasu, ɗan unguwarmu da ke shekarar ƙarshe a sashen tarihi, shi ya raba katifarsa da ni. Ɗakin mutum biyu ne, mu shida muke kwana, ƙafar wani a bakin wani.

Mu ƴan Tawa muna da al'ada. Iyaye su ba direbobi saƙo, a sauke a tashar Wadata, ɗalibi guda ya je ya kwaso na kowa ya raba. Da aka ga asuba ba ta wuce ni, sai aka ɗora mini wannan amana. Har Malam suke kirana.

Da kilishi na fara. Na kwance ƙullin wata uwa, na yagi kaɗan, na mayar yadda yake, na ce wa kaina ai ladan ɗauko ne. Daga nan sai ƙuli-ƙuli, sai takalmi, sai waya. Na ƙware da kwaikwayon ƙullin kowace tsohuwa. In mai kaya ya yi cigiya, in ce direbobin zamani ba su da tsoron Allah. Mu zauna mu yi ta zagin direba tare, bakina yana ƙamshin kilishinsa. Ɓera ma ya fi ni mutunci, don shi in ya ci ba ya dawowa ya yi maka jaje.

A shekarar nan Yaya Ilyasu ya tafi ƙauyuka yana naɗar muryar tsofaffi don memwar ɗinsa, wato littafin binciken da in ba ka miƙa shi ba, karatunka bai kammala ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a gida can Tawa, ga lokacin miƙawa ya matso. Sai ya naɗe ordinatarsa, wato kwamfutarsa, cikin zanen mahaifiyarsa, ya ba direba, ya kira ni.

Ya ce, "Ƙanena, aikin duka shina ciki, ba ni da shi a wani waje. Ka kai ma malamina da hannunka."

Na ce, "Yaya, ka ɗauka ya isa."

Ko Wadata ban fita da ita ba. Akwai mai sayen irin wannan kaya a bayan layin maɗinka. A gabana ya share duk abin da ke ciki, ina tsaye ina shan ruwan sanyi. Na kira Yaya na ce saƙo bai iso ba. Sai ya ba ni haƙuri kan wahalar zuwa tasha. Ni ya ba haƙuri.

Zanen ne ya tona ni. Kwaɗayi bai bar ni na yar da shi ba, na ba wata mai dambu a tasha a bakin kwano biyu. Direban dattijo ne, ga shi an sa shi gaba ana ce masa ɓarawo. Da ya ga zanen a ƙugunta ya tambaye ta, ta faɗi wanda ya ba ta. Daga komisariyar ƴan sanda sai gaban alƙali, sai kaso. An samo ordinatar, amma fanko. Biyu daga cikin tsofaffin da ya naɗa kuma sun rasu kafin ya warke.

Wari da kuɗin cizon kaso ba su dame ni ba kamar wata Juma'a da aka ce ina da baƙo. Yaya Ilyasu ne, ya rame, riƙe da ƙunshi.

Ya ce, "Innarka ta ce in kawo maka. Na roƙi gardi ya bari a kwance gabanka. Duba ƙullin, nata ne."

Nata ne kuwa, ai ni na san ƙulli. Da ƙyar na tambaye shi memwar.

Ya ce, "Wane memwar? Tallafin karatu ya yanke. Shagon kawuna nika tsaro a unguwar Lazare, nan Yamai."

Bai zage ni ba. Kilishi ne a ƙunshin, ban ci ko yagi ba, na raba wa ƴan ɗaki.

Yanzu na fito, na tuba ga Allah, baro nake turawa a Wadata. Kayan mutane nake ɗauka har yau, amma ko leƙawa ba na yi. Ƙannena ɗalibai, in aka ba ku saƙo, ku kai shi da ƙullinsa. Kada ku ce ɗan yagi ne, ba wanda zai gane, ni ma haka na ce. Alƙali ya yanka mini wa'adi, na cika, an sake ni. Yaya Ilyasu kuwa in kun bi ta Lazare za ku gan shi, yana auna wa mutane sukari.