Tirelar da Yaya Sule Ya Kasa Ƙi

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sule a nan Riyad. Har yau in aka tada zancensa a majalisar direbobi a unguwar Utaiƙa, magana ɗaya ce: kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni ma Musulmi ne. Amma na gaji da yin shiru daga nan, domin na san tirelar da ya ja ranar, shi ma kuma ya san ta.

Katafila aka ba shi ya kai wani wurin aiki a hanyar Kharj. Duk wanda ya taɓa jan babban kaya ya san katafila sai lobed, wato tirela mai ƙasa-ƙasan baya, wadda kaya ke zama a kanta kusa da kwalta. Lobed ɗin kamfanin tana gareji, sai aka ce ya yi maneji da sataha, mai dogon gado, ta ɗaukar siminti da rodi. Wanda ya faɗi hakan Alhaji Bala ne, shugaban direbobi, ɗan garinmu, wanda ya yi wa Yaya hanyar biza.

Muna cin shinkafar kabsa da rana ya gaya mini. Na ce, "Yaya, ka ce masa ba za ka je ba mana."

Ya yi dariyar nan tasa, ya tura mini cinyar kaza. "Audu, mutumin da ya kawo ni ƙasar nan zan duba in ce wa a'a? Ina kara?"

A wata kwanar hanya kayan ya rinjayi motar, ta kife da shi.

Kara. Mu Hausawa muna alfahari da ita, kuma ta cancanta. Da ita ake zaman ɗaki ɗaya mutum shida ba a ji kanmu ba. Amma ƙarfe bai san Alhaji ba, bai san wanda ya yi wa wani alheri ba. Na ga direba Bafilifine ya zagaya tirela, ya girgiza kai, ya koma inuwa ya zauna, ba wanda ya mutu don haka. Mu kuwa sai mu ce "hadir", wato "an gama", mu hau, muna karanto addu'ar tafiya da ƙarfi.

Da Yaya zai leƙo yau, da ya sha kallo. Jirgin ƙasa na ratsa gari a sama, gine-gine sun tashi inda ya bari fili. Akwai tireloli masu layin tayoyi har ka gaji da ƙirga, ga motar rakiya mai fitila a gaba, ga takardar izinin hanya. Na san zai shafa su yana cewa "tubarkalla". Sannan zai juyo ya tarar da mu yadda ya bar mu, bakinmu da nauyi.

Watan jiya abin ya zo kaina. Wata ƙatuwar tiransifoma ce, aka nuna mini wata tirela da ko rabin nauyin ba a yi ta dominsa ba. Na duba gadonta, na duba tayoyinta, na duba inda za a ɗaura sarƙa. Na mayar da makulli ofis, na ce a samo wadda ta dace, ko gobe da asuba ne zan tashi. Kafilina, wato uban gidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya ce to in san inda zan sabunta igamata, takardar izinin zama. Ta kusa ƙarewa, kuma ba igama ba zama. Sai in tattara in koma gida, ga iyalina ga marayun Yaya suna duban hannuna. Ba zan ɓoye ba, abin yana hana ni sukuni.

Ran Juma'a bayan an sauko, Alhaji Bala ya zo ɗakina a unguwar Shifa. Ya tsufa, har da sanda. Na shimfiɗa masa darduma, na zuba masa shayi.

"Audu, ka rufa mini asiri, ka ɗauki kayan nan," in ji shi. "Wallahi Sule bai taɓa yi mini musu ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Shi ya sa ni kake roƙo yau, ba shi ba."

Ya ture kofin gefe. Bai sha ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ladabi ya bari, kuma shi na gada, ba zan yar ba. Na ɗauko wa Alhaji takalmansa, na riƙe masa hannu a matakala, na raka shi har bakin titi na tsayar masa da tasi. Da ya shiga, ya sauke gilashi ya ce, "To, in ce musu me?"

Na durƙusa kamar yadda Yaya ya koya mini gaida manya, na ce, "Ka ce musu ƙanin Sule ya ce a'a."