Fundi Vuai, Mai Lasar Bango

Kullum da hantsi, da zarar magini Fundi Vuai Mcha ya kurɓe gahawarsa, sai ya shiga zaga lungunan unguwarmu Kiponda da 'yar wuƙa a aljihu. Ya ƙwanƙwasa bangon masallacin 'yan Bohora, ya leƙa ƙarƙashin barandar Indiyawa, ya gangara har cocin mutanen Goa. Wani lokaci ma ya lashi bango ya tofar, wai gishiri yake nema. Shekara arba'in da ɗaya yana gyaran gidajen dutsen teku a tsibirin Unguja, ban taɓa jin ya yarda da bango ko ɗaya ba. Farar ƙasar da ya jiƙa da hannunsa ma sai ta yi wata shida a rami kafin ya amince da ita.

Mu ma ba mu yarda da shi ba, gara in faɗa. Lokacin masu otal sun sa unguwarmu a gaba. A turo wani ya ce gidanku zai rushe, ku fita a gyara, kafin ku dawo an kafa sabuwar ƙofa da mai gadi. Haka aka yi wa maƙwabtanmu, iyalin Taherali. To, ana cikin wannan sai ga Fundi ya yi sallama, ya tsaya a gaban mahaifiyata yana kallon sama.

"Bi Mwatima, wa ya shafa muku siminti a bangon nan?"

"Ɗan yayana. Ina ruwanka?"

"Ya toshe wa dutsen numfashi. Laima ta rasa hanyar fita, ta koma tana cin azararki."

"Oho! Wane otal ne ya aiko ka? Faɗi sunansa in san wanda zan tsine wa."

Ya hau kujera ya soka wuƙar a gindin azara, ta shige kamar cikin dafaffen rogo.

"To, mun gani," in ji Mama. "Saura ka ce mu kwashe tsummokaranmu."

"Wa ya ce ki fita? Ko cefane kika je kasuwar Darajani kada ki daɗe. Kina zaune zan canza su."

Kowane magini kwashe rufin yake yi gaba ɗaya, ya gama a mako biyu. Shi kuwa sai ya tokare, ya zare azara ɗaya, ya zura sabuwa, ya jira farar ƙasa ta kama, sannan ya taɓa ta kusa da ita. Guda ashirin da uku, kusan wata uku. Mama ta girke kujera a tsakar ɗakin, ta buɗe lema saboda ƙura, makullin gida ɗaure a bakin zanenta, idonta a kansa. Ni kaina sau biyu ina bin sa a baya don in ga da wa yake ganawa. Mai kifi kaɗai na gani, kuma har yau kunya nake ji.

Fundi, kai ne ka sha harara a gidanmu fiye da gahawa, ba ka taɓa ƙorafi ba. Kai ne ka zaɓi doguwar hanya don kada tsohuwa ta kwana a waje ko sau ɗaya. Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, ka ajiye aiki. Mun gode, Allah Ya saka. Ku kuma masu gini na bana, in za ku gyara gida, ku fara tambayar inda mai shi zai zauna.

Da na gaya wa Mama ya daina aiki, ta daɗe tana duban rufin.

"Ki kai masa alewar halwa, mai kyau," ta ce. "Amma ni har yau ban gano abin da mutumin nan yake nema a wurinmu ba."

A ɗakinta ta faɗi haka, inda aka kawo ta amarya shekara sittin da suka wuce.